Kunkurun ruwa ba ya rayuwa a kan tuwo

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili in ja hankalin iyaye a Katsina kan ƙananan kunkurun ruwa da yara ke kamowa a kududdufai da damina, su jefa a bokiti. Yawancinsu ba sa kaiwa hunturu, abin kuwa da ban tausayi.

Irin namu yana da ƙoƙon baya mai ruwan ƙasa, kuma a gefe yake lanƙwasa wuya ya ɓoye kai. Mai jan tabo a bayan ido daga Amurka yake.

Nama yake ci: tana, fara, shinge, ƙananan kifi da ƙayarsu, don daga nan yake samun sinadarin ƙarfafa ƙashi. Tuwo da burodi ruɓa ruwa kawai suke yi. Ƙarami a ba shi kullum, babba bayan kwana 2 ko 3, yawan abincin ya zama gwargwadon girman kansa. A cikin ruwa yake haɗiya, kada a ajiye masa a ƙasa.

A sa shi a babbar roba, zurfin ruwa ya ninka tsawonsa, da dutsen da zai hau ya bushe ya sha hantsi. Rashin rana ne ke sa ƙoƙon ya yi laushi. Amma rabin robar ya kasance a inuwa, domin ranar Afrilu tana iya kashe shi. Ruwan famfo ya kwana kafin a zuba. Da hunturu a shigar da shi ɗaki da dare, sanyi na hana shi ci.

Yana ɗauke da ƙwayar cutar salmonela mai sa gudawa. A wanke hannu da sabulu, kada ɗan ƙasa da shekara 5 ya taɓa shi.

Wassalam.

Mai karatunku,
Ƙofar Ƙaura, Katsina