Kafin ku sayi sabuwar kwamfuta, ku duba fihirisa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarku mai farin jini domin in ja hankalin ƴan'uwana masu riƙe lissafin ƴan kasuwa a kan wata matsala da ta ci mini kwana uku.

Ni ne mai kula da lissafi a wata mangaza ta wake da shinkafa a nan Maradi, kuma sunayen abokan cinikinmu da basussukan da ke kansu, har na waɗanda ke zuwa daga Ɗan Isa da Jibiya, duk suna cikin rumbun bayanai na Microsoft Access. Ƙarshen kowane wata nakan ba shi umarnin matse fayil da gyara shi, domin fayil ɗin Access ba ya wuce gigabait 2, kuma share bayanai ba ya rage girmansa sai an matse.

A watan da ya wuce, bayan na yi wannan aiki, binciken bashin mutum guda, wanda a da yake fitowa kafin ƙiftawar ido, sai ya koma cin fiye da minti ɗaya, ga Alhaji tsaye a kaina, ga direba a bakin ƙofa yana jiran takardar kaya. Da farko ban damu ba, saboda na san matsewa takan sa Access ya sake tsara hanyar da zai bi a kowane bincike, don haka karon farko yakan ɗan yi nauyi. To amma na biyu da na goma ma haka suka kasance.

Wani mai gyara ya ce injin ne ya tsufa, a sayi sabo. Ban yarda ba, domin injin da ya yi aiki lafiya ranar Alhamis ba zai tsufa ranar Asabar ba.

Da na bayyana ɓoyayyun teburan rumbun, wato jadawalolin da bayanai ke jere a cikinsu layi-layi, sai na ga wani mai suna MSysCompactError, wanda Access ke ƙirƙira idan ya ci karo da ɓarna yayin gyara. Nan na tuna cewa wuta ta ɗauke mana ana tsakiyar shigar da ciniki. Na buɗe tsarin teburin basussuka, na tarar fihirisar lambar abokin ciniki, wadda ita ce jerin da ke kai injin kai tsaye ga layin da ake nema, ta ɓace, wato injin yana bin layukan ɗaya bayan ɗaya, kamar mai neman buhu guda a sito ba tare da alama ba. Na cire layukan da suka lalace, na cike su daga littafinmu na hannu, na mayar da fihirisar, bincike ya dawo yadda yake.

Roƙona ga masu koyar da kwamfuta a garin nan shi ne su nuna wa ɗalibansu yadda ake ajiye kwafin fayil kafin a matse shi, da yadda ake duba fihirisa bayan an gama.

Naku mai karatu,
daga unguwar Zariya, Maradi