Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaban Hukumar Kare Bayanai Ta Ƙasa, Dakta Vincent Olatunji

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. A watan Disamban 2020 gwamnati ta ce kowa ya haɗa layin wayarsa da lambar NIN, wato lambar shaidar ɗan ƙasa. Hujjar da aka kafa mana ita ce tsaro: duk mai garkuwa da mutane da ya buga waya neman kuɗin fansa, za a gano mai layin. A kan wannan ne dattawa da mata masu goyo suka sha rana a ƙofar ofisoshin NIMC, hukumar da ke ba da lambar, suka dangwala yatsu, aka ɗauke su hoto. A Afrilun 2022 kuma aka hana layuka sama da miliyan 70 yin kira.

To, har gobe ɓarayin daji suna buga waya a Zamfara da Katsina. Sai ga shi a 2024 ƙungiyar Paradigm Initiative, mai fafutukar kare haƙƙin jama'a a intanet, ta bankaɗo shafukan intanet da ke sayar da bayanan NIN na mutane a kan naira 100, kuɗin da ko ƙosai ba zai saya wa yaro ya ƙoshi ba. Wa ya buɗe musu rumbun?

Dokar Kare Bayanai ta 2023, wadda ta kafa hukumarka, ta faɗa a sashe na 24 cewa bayanin da aka karɓa don wata manufa ba a karkatar da shi zuwa wadda ta saɓa mata. Amma dubi manhajojin bashi na waya. Mutum ya ci bashi, ya makara da biya, sai su kwashe lambobin da ke wayarsa, su aika wa surukinsa da malaminsa saƙo cewa ɓarawo ne. Shi ne ya yi yarjejeniya da su. Surukin fa, yaushe ya sa hannu?

Mun ga tarar naira miliyan 555.8 da kuka ci bankin Fidelity a 2024 kan keta dokar kare bayanai, kuma madalla. Sai dai mafi yawan bayananmu a hannun hukumomin gwamnati suke, su ma a riƙa bincikensu, a kuma faɗa mana sakamakon.

Roƙona shi ne a wajabta cewa duk sanda wani ya duba NIN ɗina, saƙo ya shigo wayata da sunansa da dalilinsa. Bankuna suna yin haka a kan kowace naira da ta fita daga asusu, saboda haka ba fasahar ce babu ba. Takardar neman izini kuma a rubuta ta da Hausa da sauran harsunanmu, a karanta wa wanda bai iya karatu ba kafin ya dangwala.

Allah ya yi jagora. Wassalam.