Ga masu shirin intabiyu a manyan kamfanonin fasaha

Assalamu alaikum ƴan uwa. Tunda mutum uku a cikinmu sun samu kiran intabiyu, ga abin da nake so mu riƙe.

Irin su Google sukan fara da gajeriyar hira, sannan zagaye uku ko huɗu, kowanne wajen minti 45, kana rubuta manhaja mai tambaya yana kallon allonka. Kada ka yi gum kana tunani. Riƙa faɗin abin da kake ƙullawa, don hanyar da ka bi suke aunawa. Su kuwa Amazon, labarin matsalar da ka taɓa warwarewa za su nema, bisa ƙa'idojin jagorancinsu 16.

Ni bara ina tsaka da amsa aka ɗauke wuta a unguwarmu, kwamfutar ta mutu, har yau abin na ci mini rai. Don Allah a cika caji, a tanadi data a layi biyu.

Albashi kam akwai, amma a tambayi lokutan aiki: in abokan aikinka suna Amurka, taro kan kai ka bayan isha'i. A kuma tuna, a Janairun 2023 Google ta sanar da sallamar ma'aikata 12,000.

Asabar bayan la'asar mu haɗu inda muka saba a Zoo Road, mu gwada juna. Kowa ya zo da kwamfutarsa.