Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Magajin Garin Garwa

Ranka ya daɗe, assalamu alaikum, ya aiki ya jama'a.

Ni uwa ce mai yara huɗu a nan Garwa ta ƙasar Kamaru, kuma ina rubuta labari da Hausa. A waya nake yi, da babban yatsa, wajen ƙarfe goma sha ɗayan dare in na kwantar da auta na gama wanke-wanke, in wuta ta ɗauke caji ya ƙare toh sai na koma kan tsohon littafin makarantar 'yata na cigaba da biro. Shekara uku kenan ina kan labari ɗaya.

A 2020 da marubuciya Djaïli Amadou Amal ta ci kyautar adabi ta Goncourt ta ɗaliban lise, wato sakandare, a Faransa wallahi har kuka nayi dan murna, 'yar Marwa ce fa, tamu ce, an mata aure tana da shekara 17 kaman yadda aka wa da yawanmu. Kowa ya yi ta alfahari da ita. Amma ranka ya daɗe sai da baiwar Allahn nan ta sayar da gwal ɗinta ta sayi kwamfuta da tebur da kujera kafin littafinta na farko ya fito a 2010. Mu da ko ɗan kunnen gwal ba mu da shi fa, me za mu sayar?

In mace tace tana son ganin sunanta a bangon littafi sai kaji ana cewa burinki yayi yawa, ki yi ta yaranki, ki yi haƙuri. Ni yarana ba su taɓa kwana da yunwa dan ina rubutu ba, kuma ita babbar tawa ita ke fara karanta kowane babi tana min gyara.

Roƙona ɗaki ɗaya ne. A ware mana shi a wani gini na mairi, wato hukumar gari, da sola da fanka dan ka san zafin Maris da Afrilu a garin nan, da kwamfuta ko uku ne da injin buga takarda, sai tabarma a gefe inda mai goyo zata ajiye ɗanta ba wanda zai harare ta. A sa lokacin mata zalla daga azahar zuwa la'asar, shi ne mazajenmu za su yarda mu fita, kuma mu dawo mu ɗora girkin dare.

Sannan dan Allah in za a taimaka wa marubuta a tuna da masu Hausa da Fulatanci, kar a tsaya kan Faransanci kaɗai. Maƙwabciyata ajami take rubutu tun tana makarantar allo, waƙoƙinta na cikin kwalla ƙarƙashin gado, gara ta riga ta ci rabin wasu.

In ka ba mu ɗakin, shara da kula da makulli mun ɗauka. Mu bakwai ne yanzu a guruf ɗinmu na WhatsApp, biyu na da ciki.

Allah ya ƙara girma.

'Yarka, wata uwa daga Garwa