Zuwa ga ɗana, game da yawon burtali a damina

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fata kana lafiya, kai da su Kaka.

Tun da hutun nan a ƙauye ya same ka, kada ka ƙarar da shi a zaure kana latsa waya. Ka riƙa bin burtali. Ka fita bayan asuba da gari ya waye sosai, ka dawo da hantsi. Tafiyar awa biyu ta isa. Ka sa dogon wando da rufaffen takalmi saboda raɓa da ƙarangiya, ka riƙe sanda da gorar ruwa. Ka bi tsakiyar hanya, don kububuwa a gindin shinge take kwanciya. In tsautsayi ya sa maciji ya sari wani, ba a tsaga wurin, ba a tsotsa, ba a ɗaure shi tamau. Asibiti za a nufa nan take.

Furen da zai fara jan idonka tsakanin Agusta da Satumba shi ne mai ruwan hoda da ke tsaye a gindin dawa. Kada ka yaba shi a gaban mai gona. Ƙuduji ke nan, wasu su ce wuta-wuta. Saiwarsa manne take da ta dawa tana tsotse ta, tun kafin ya fito fili ya gama ɓarna. In za ka taimaka, tuge shi kafin ya yi iri, ka fitar da shi daga gonar. Tafasa da rai-ɗore kuwa duk furensu rawaya ne, amma ganyen tafasa bakinsa a zagaye yake, na rai-ɗore mai tsini. Tumfafiya ka kalle ta kawai, nononta na cutar da ido. Ka ɗaga kai ka dubi gawo: kowa ya yi kore, shi ya zubar da ganye, shi ya sa gero ke kyau a ƙarƙashinsa.

Tsuntsu ba ya son hayaniya. Ka tsaya cik, rana tana bayanka, ka lura da baki, da wutsiya, da yadda yake tashi. Shamuwa tana cikin gari kan manyan itatuwa, belbela da carki suna wajen shanu, cilakowa kuwa tashinta hawa da sauka ne.

In ka iso tsohon soro, fara daga sama. Zanko da indararo su ke gaya maka ko ana kula da gida: indararo ya toshe, ruwa ya kwanta a rufi, azara ta jiƙe, sai soro ya rufta. Inda yaɓe ya zube za ka ga jerin tubali, kowane da faɗin gindi da tsinin kai. Kada ka jingina da katangar da ta sha marka. A kufai kuma ka riƙa dafa ƙasa da sanda, ciyawa na rufe bakin tsohuwar rijiya. Gidan da ke da mutane, sai ka yi sallama ka nemi izini kafin ka ɗauki hoto.

Hadari ya haɗo daga gabas, juya gida, kada ka fake a gindin itace. Kududdufi ma ban yarda ka shiga ba ko da bado ya burge ka, can ake ɗaukar tsargiya.

Abin da ba ka san sunansa ba, tambayi makiyayi ko tsohuwa mai tsinkar ganye, ka rubuta a ɗan littafi da ranar da wurin. Ka zo mini da littafin in za ka dawo.

Mahaifiyarka tana gaishe ka. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka