'Yata na rubuta labaran ban tsoro, Abbansu ya ce sai ta daina

Assalamu alaikum Hajiya. Ya aiki, ya ɗawainiya da mu? Allah Ya saka da alheri. Don Allah idan za a karanta wasiƙar nan a shirin, a sakaya sunana.

Ni malamar firamare ce a Zariya, kuma maganar a kan 'yata ce ta fari, wadda ko ba don rediyo ba ma kin san ba zan kama sunanta ba. Shekararta 17, tana ajin ƙarshe na sakandare. Ba ta yawo, ba ta wasa da salla, ta kuma sauke a Islamiyya. Abu ɗaya ne ya hana gidanmu zaman lafiya: yarinyar nan ba abin da take so irin labarin ban tsoro. Da kallo ta fara a waya, ta koma karanta littattafan Turawa, yanzu kuma ita ce ke rubutawa da Hausa tana sakawa a wani zauren WhatsApp da kuma Wattpad, wato manhajar da marubuta ke saka labaransu. Sa'o'inta na rubuta soyayya, ita kuwa daga fatalwa sai maƙabarta, sai tsohuwar rijiya, sai amaryar da ta tare a gidan da ba a kwana.

Na karɓi wayar na karanta da kaina. Wallahi Hajiya ta iya. Akwai wanda ta rubuta a kan mai wankan gawa, babu jini a ciki, babu batsa ko kalma ɗaya, amma sai da tsigar jikina ta tashi, daren nan da fitila a kunne na kwana. Ni da nake koyar da Hausa na san hannun da ya iya jan labari.

Abbansu ya ce sam. Hujjarsa kuwa ba ta banza ba ce, shi ya sa na rasa bakin magana. Ya ce Baturen da ke rubuta irin wannan, a wurinsa aljani ƙage ne, abin nishaɗi. Mu kuwa sura guda aka saukar da sunansu a Alƙur'ani, don haka ba abin da yarinya za ta zauna tsakar dare tana kiran sunansa ba ne. Hajiyarsa ta fi shi zafi. Ta ce ba banza ba, shafar iska ce, har ta aiko da rubutu da turaren hayaƙi, tana kuma maganar a kira mai ruƙiyya.

Ita kuma yarinyar, da na zaunar da ita, sai ta zubo min tarihi. Ta ce Mary Shelley, 'yar Ingila, tana da shekara 18 ta fara rubuta Frankenstein, aka buga shi a 1818, kuma har yau ana karanta shi a jami'o'i. Ta ce Stephen King na Amurka malamin sakandare ne lokacin da yake rubuta littafinsa na farko da aka buga a 1974, har ya jefa shafukan farko a kwandon shara, matarsa ce ta tsince su ta ce ya ƙarasa. Sai ta dube ni ta ce, "Umma, ai ke kika fara ba ni labarin Dodo." Gaskiyarta. Mun tashi ana ba mu tatsuniyar Dodo da dare, muna maƙale a jikin kaka muna cewa a ƙara. Da bidiyo ya zo kuma mun kalli fina-finan fatalwa na Indiya irin na 'yan gidan Ramsay, da na tsafin kuɗi da 'yan Kudu suka fara tun 1992, kuma ba wanda ya ce mana muna da iska. Sai dai mu a tsakar gida muke kallo, a cikin mutane, ana ihu ana dariya. Ita kuwa ita kaɗai ce da abin sauraro a kunne, cikin duhu. Wannan bambancin yana damuna.

Amma abin da ya sa na ɗauki biro ya fi wannan nauyi. A labarinta na baya-bayan nan akwai tsohuwa mayya mai sayar da ƙuli-ƙuli, mai kama kurwar yara. A layinmu kuwa akwai wata baiwar Allah, dattijuwa, mijinta ya rasu, ƙuli-ƙulin take sayarwa tana ci da jikokinta. Yarinyar ta rantse ba ita take nufi ba, kuma na yarda da ita. To amma 'yan matan unguwa suna cikin zauren nan, sun karanta, sun ba ƙannensu labari. Yanzu yara sun fara tsallake ƙofar matar da gudu, wasu iyayen sun daina aike can. Hajiya, kin san abin da kalmar maita ke jawowa a ƙasar nan. Ana jifan mutum a kanta, ana korarsa daga gari, ana fasa auren jikokinsa. Na sa ta goge labarin, amma abin da ya riga ya shiga wayoyin mutane ba ya gogewa. Dattijuwar ba ta ce mana komai ba, muna gaisawa kamar kullum, ban ma sani ba ko maganar ta kai kunnenta.

Ga kuma ƙanin yarinyar ɗan shekara 8 da ya leƙa wani fim a wayarta, yanzu ba ya fita bayi da dare sai da rakiya, yana firgita cikin barci duk da Ayatul Kursiyyu da Falaƙi da Nasi da nake tofa masa.

Abbansu ya ba ni zuwa ƙarshen wata: ko ta daina, ko ya karɓe wayar. Na san 'yata, idan aka ƙwace za ta koma rubutawa a littafin makaranta a ɓoye, ni kuma ta daina nuna min. Ba na so in saɓa wa mijina, ba na kuma so a kashe mata baiwar da Allah Ya ba ta, balle a fara yawo da ita gidan masu ruƙiyya har sunan "mai aljanu" ya bi ta ranar da manema suka zo.

Don Allah ki taimaka min. Shin in je wurin dattijuwar nan da yarinyar mu ba ta haƙuri, ko zuwan namu ne zai tabbatar wa unguwa cewa da ita ake? In da hali kuma ki tambayar mana malamin da kike gayyatowa shirin, ko akwai laifi a addini mutum ya ƙagi labarin aljanu alhali kowa ya san ƙage ne. Abbansu yana sauraron shirinki, kuma zai fi jin ta bakin malami a kan tawa.

Na gode, Allah Ya bar zumunci.

Taki,
Maman yara, daga Zariya