Ibadar Janar Jackson da rahoton da ya ruɗe shi a Kernstown

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba mu fili mu tanka wata magana da ake yawan yi idan ana hirar yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865 tsakanin Arewa da Kudu, wai kwamandan da ya fi riƙo da addini shi ke yin galaba. Sunan da ake kafa hujja da shi kuwa na Janar Thomas Jackson ne na 'yan Kudu, wanda ake wa laƙabi da Stonewall. Ba ma musun ibadarsa. Dikon ne, wato mai hidimar coci, a garin Lexington, ko wasiƙa ba ya so a ɗauka masa ranar Lahadi. Amma a dubi abin da ya same shi a Kernstown, kusa da garin Winchester a jihar Virginia, ranar Lahadi, 23 ga Maris 1862.

Kwana ɗaya kafin nan shugaban sojan dokinsa, Turner Ashby, ya kawo masa labari cewa sojojin Arewa sun janye daga Winchester, rejimenti huɗu kacal suka rage. Daga bakin wa ya ji? Daga mutanen gari masu goyon bayan Kudu, waɗanda suka ga abin da ransu ke so su gani.  Jackson ya kora mutanensa, da ba su kai dubu huɗu ba, tafiyar kwana biyu ba hutu, da yawa suka sare a hanya. Da kyar ya yarda ya yi faɗa a ranar ibada. Ashe rundunar Janar Shields na Arewa ce cur take ɓoye, sama da mutum dubu takwas. Da yamma harsashi ya ƙare wa birged ɗin Richard Garnett, ɗaya daga cikin kwamandojin Jackson, ya ja da baya, layin ya karye. Jackson ya sha kashi, ya rasa kimanin mutum 700 tsakanin matattu, raunatattu da kamammu.

A ɓangaren Arewa cutar rahoton kuskure ta zo ta wata fuskar. Allan Pinkerton, mai yi wa kwamandan Arewa, Janar McClellan, leƙen asiri, yakan ƙirga rejimenti sannan ya ƙara lissafi a kai don gudun kuskure, har a Yunin 1862 aka ɗauka kwamandan Kudu, Janar Lee, na da kusan mutum dubu 200, alhali ba su wuce dubu 90 da wani abu ba. McClellan ya yi ta jan ƙafa. Sai a 1863 George Sharpe, wani hafsan Arewa, ya kafa ofishin da ke gwada bayanin fursuna da na jaridun abokan gaba da na 'yan sintiri, a ga inda suka yi daidai.

Shi kansa Jackson bai tsaya ga addu'a kaɗai ba. Kwana uku bayan Kernstown ya sa Jedediah Hotchkiss ya zana masa taswirar kwarin Shenandoah, da ita ya yi ta zagaye rundunonin Arewa a watannin Mayu da Yuni.

Wassalam,
Wasu masu nazarin tarihin soja, Kaduna